Sandunan Da Na Yaba A Falon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a filin golf ɗinmu na hanyar Sandamu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Daura ba za su bar ni ba.

Na san wani zai ce, golf a Daura? To akwai, in dai za a yarda a kira abin da muke yi da wannan suna. Wasu dattawa ne 'yan fansho suka share wani fili a bayan gari suka haƙa ramuka. A rediyo na ji ana ce masa ƙwallon lambu, amma namu babu lambu, sai ƙasa mai tauri da sabara da wani kwari da ruwan damina ya zaizaye. Kewayen kowane rami, maimakon ciyawa, yashi ake cuɗawa da baƙin mai a daddaɓe. In shanu sun zo wucewa, mu ne ke tsayawa.

Ni siminti da kwanon rufi nake sayarwa, karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da ya kai ni golf shi ne surukina (ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili, Baba nake ce masa). Ya yi aikin kwastam a bakin iyaka wajen garin Babban Mutum har ya yi ritaya, mutum ne da ba ya son yawan magana. Tun da na auri 'yarsa Hadiza, hirarmu ba ta taɓa wuce "Ya kasuwa?" da "Alhamdu lillahi, Baba" ba, daga nan sai mu zuba wa tabarma ido. Da na ga golf ne kaɗai ke sa shi murmushi, sai na ce bari in koya ko na samu abin faɗa.

Na sayo sanduna na gwanjo a Kano. Kan kowace sanda faffaɗa ne, bayansa a rarake kamar cokali, gindinsa da kauri. Ashe irin waɗannan, ko ka bugi ƙwallo a karkace sai su rufa maka asiri, ta tashi ta faɗi inda ake so ko kusa da nan. Ni a lokacin ban san haka ba. Na ɗauka hannuna ne. Da dattawa suka fara cewa "yaron nan yana da hannu," sai kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gaishe da Baba. Muka gaisa, muka yi ya kasuwa, shiru ya sauko kamar kullum. Ina ta rarraba ido ina neman abin cewa, sai na hango wata jakar golf a jingine kusa da talabijin, kawunan sandunan ciki suna ƙyalli. Sirara ne, ƙanana, bayansu a cike da curin ƙarfe kamar ƙwanjin ɗan dambe, babu rarake ko kaɗan. Irin waɗanda ake ce wa biled ke nan, waɗanda nake gani a hannun ƙwararru a waya.

Na ce, "Kai, Baba, waɗannan sanduna sun yi kyau, ma sha Allah."

Wallahi ban rufe baki ba ya ce, "Ka yaba? Naka ne."

"A'a Baba, ni ba haka nake nufi..."

"Na ce naka ne. Ɗana zai yabi abu a gidana in bar shi ya tafi hannu wofi? Ina makullin motarka?"

Mutumin da gwiwa ke damunsa, shi da kansa ya saɓi jakar ya kai ta mota, ina binsa a baya ina "Baba kawo, Baba kawo." A bakin ƙofa ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne yanzu, "Waɗancan tsofaffin naka kuwa, kawo mini su. Ni tsoho, kome na samu ya ishe ni."

Na koma gida ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Na ce wa Hadiza yau Baba ya yi mini magana mai tsawo. Kafin magariba na kai masa tsofaffin nawa, har ina jin nauyin ba shi abin gwanjo.

Washegari na tafi fili da taubashina Sabi'u, wanda tare muka fara koyo. Na zaro sanda ɗaya, na tsaya yadda na saba, na buga yadda na saba. Wani irin zuuu ya taso daga tafin hannuna har gwiwar hannu, kamar na taɓa wayar wuta. Na ɗaga kai ina neman ƙwallo a sama.

Sabi'u ya ce, "Bawana, me kake nema a can? Ga ta nan a gabanka, ba ta yi nisa ba, tana jiranka."

Na sake bugawa. Wannan karon ta tafi, amma a ƙasa, tana gudu kamar ƙadangare. Ta uku ta yi dama ta shige sabara. Na duba sandar, na duba hannuna, na duba ƙasa. Ni ne dai na jiya, takalmin ma shi ne na jiya. To me ya canza?

Sabi'u ya ce ya ji an ce irin waɗannan sanduna wurin bugunsu ɗan mitsitsi ne a tsakiya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, in ka kuskure shi ko da kaɗan ba sa yafewa. Na ce hassada ce ke damunsa. (Har yanzu ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba, taubashi ne.)

Daga nan na shiga binciken kaina. Na canza takalmi. Na je aka auna mini ido, aka ce lafiyata ƙalau, na ji haushi. Na daina cin tuwo da rana. Na matsa kusa da ƙwallo, na ja baya, na tanƙwara gwiwa, na miƙe ta. Har na fara zargin ko bakin mutane ne ya kama ni saboda yabon da dattawa suke yi mini. Abin da ya fi ruɗa ni, a cikin bugu masu yawa sai ɗaya ya dace, ƙwallo ta tashi sumul, hannu bai ji komai ba, daɗi kamar ka sha ruwan randa. In na ce to na gano, bari in maimaita, sai ta koma sabara. Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa mini a rai ba, wato cewa dama can ban iya ba.

Ana haka Hadiza ta dawo daga gidansu da labari.

"Abban Ummi, Baba ya ce da kai zai haɗa bana."

Duk bayan babbar Salla, wani tsohon abokin aikin Baba, Alhaji Mamman, yakan zo daga Katsina da ƙaninsa su kara da Baba, biyu da biyu. Shekara da shekaru Baba ke shan kaye, Alhaji Mamman kuma ya yi ta yi masa tsiya a waya har wata Sallar. A shekarar kuwa Baba ya gaya wa kowa cewa ya samu mijin 'ya mai hannu.

Na ce, "Hadiza, don Allah ki je ki aro mini tsofaffin sandunana, ko na kwana ɗaya."

Ta ajiye tsintsiya ta dube ni. "In je in ce wa Baba me? Mijina ya raina kyautarka?"

"Ki ce... ki ce ina so in goge masa su."

"Kai ka je ka faɗa da bakinka. Ni dai kada ka ba mu kunya, har Inna ta ce za ta aiko da fura."

Na je har ƙofar gidan Baba da niyyar faɗa. Na shiga, muka yi ya kasuwa, ya ce, "Ya sanduna?" Na ji bakina ya ce, "Baba ai ba a magana." Ya ce madalla. Na tashi na fito.

Ranar karawa mutane suka taru fiye da kullum. Baba ya zo cikin fararen kaya, yana rataye da tsohuwar jakata. Ya buga ta farko, ƙwallo ta tashi kamar an aike ta. Ban taɓa ganin ya yi bugu irin wannan ba. Ya dubi sandar ya yi mata murmushi, irin murmushin da ni ban taɓa samu ba.

Ni kuwa abin da nake yi a ɓoye shi na yi a bainar jama'a. Na haƙa ƙasa, na kori ƙadangaru, na sa wani makiyayi ya janye awakinsa. Alhaji Mamman yana bayana yana ce wa Baba, "Kwanturola, wannan ne mai hannun? Ko ɗaya hannun ya bari a gida?" Baba kuwa shi ya yi ta ɗauke mu da bugunsa, har muka iso ramin ƙarshe kunnen doki.

A ramin ƙarshe Baba ya yi kuskurensa ɗaya tilo, tasa ta faɗa kwari. Saura tawa. Ba wani abu ake nema a wurina ba, in ɗaga ta ta tsallake kwarin ta sauka kan yashi, shi ke nan. Da tsofaffin sandunana, ido rufe zan yi.

Lokacin la'asar ya yi. Baba ya ce shi ba zai iya kallo ba, ya ɗauki butarsa ta roba ya koma can gefen dama, ƙarƙashin wata darbejiya, ya tsuguna zai yi alwala. Wurin da ya zaɓa, a hankalce babu ƙwallon da ke da dalilin zuwa can. Ba gabana ba ne, gefena ne.

Na yi bisimilla. Na tuna maganar ƙwayar gyaɗa. Na tuna matsa kusa, na tuna ja baya, na rasa wanne ne ya yi aiki rannan, sai na yi duka biyun. Na buga.

Ƙwallon ba ta taɓa fuskar sandar ba, a wuyanta ta daku. Ta fita ta gefe a ƙasa-ƙasa, kai tsaye, da wani irin saiti da ban taɓa yi ba a rayuwata. Sai na ji fas! Butar ta tarwatse a hannun Baba. Ruwa ya wanke masa gaban wando, ya zabura ya tafi da baya, ƙafafu sama, hula ta yi nata wuri.

Surukina ke nan. Uban matata. A gaban baƙi daga Katsina.

Na ruga na zube gabansa ina "Baba ka yafe mini, Baba tsautsayi ne," ban ma san sandar tana hannuna a ɗage ba, sai da Sabi'u ya ce, "Bawana sauke makamin, ya ji jiki haka nan." Kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Alhaji Mamman ya ƙaraso ya karɓi sandar daga hannuna. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya duba wani ɗan tabo a wuyanta. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta fita da sauti, har ya dafa bishiya.

"La ilaha illallahu! Kwanturola, ashe yaron nan ka liƙa wa? Ba ka ji tsoron Allah ba?"

Baba yana zaune a ƙasa yana matse wando ya ce, "Kai da ka liƙa mini ka ji?"

"Ni ai yabawa ka yi!"

"Shi ma yabawa ya yi."

Ni dai ina durƙushe ina kallon wannan in kalli wancan. Sai a hankali na gane. Wani babban mutum ne ya ba Alhaji Mamman su da ya yaba, ya kasa buga su, ya jingine a falo har Baba ya je ya yaba. Baba ya sha wahalarsu shi ma, kunya ta hana shi mayarwa, ya jingine kusa da talabijin yana goge su duk Juma'a. Ya ce baƙi sun yi ta shiga suna fita, wani ya yabi labule, wani ya yabi agogo, babu wanda ya kalli jakar sai ni.

Na ce, "To Baba, da ka san haka, me ya sa ka haɗa da ni?"

Ya karɓi hularsa ya kakkaɓe. "Na ga kai yaro ne, na ce ko kai za su ji maganarka. Kuma na tambaye ka, ka ce ba a magana."

An cinye mu, ba sai na faɗa ba. A mota, Baba na gaba da jiƙaƙƙen wando, muka taho har kusa da rijiyar Kusugu. Can na ga kafaɗarsa na rawa. Ya yi dariya har da hawaye, ya yi ta ba ni labarin yadda shi ma ya taɓa fasa fitilar motar wani da su. Ban taɓa jin ya yi magana mai yawa haka ba. Ganin ya sake, na yi ta maza na ce, "Baba, to ko za a dawo mini da tsofaffin nawa?"

Dariyar ta tsaya cak. Ya ce, "Ya kasuwa?"

Har yau suna wurinsa, kuma bana da Sabi'u ya haɗa. Ni ban san wa ya kamata ya nemi gafarar wani tsakanina da Baba ba, na dai sai masa sabuwar buta, ta ƙarfe.

Sauran laifina ɗaya, Allah ya yafe mini. Na gayyaci ƙanin Hadiza cin abinci, na zaunar da shi daidai inda zai fuskanci jakar. Ya ci ya ƙoshi, ya yabi miya, ya yabi fanka, ya tashi ya fita da gefe-gefe kamar mai tsoron kare. Labari ya riga ya zaga gari.

Abin da na koya dai, in babba ya ba ka abu tun ba ka gama yabonsa ba, har ya kai maka mota da kansa, to tsaya ka tambayi lafiya. Yanzu in na je gaishe da Baba shiru ya yi yawa, sai in ƙyale shi ya yi yawan.