Kawu Taswira Ya Toshe Lungu

"Ku ba ni bulo ɗari biyu, sai unguwar nan ta durƙusa a ƙofar gidana."

Wallahi haka Kawu ya faɗa, da kunnena na ji. Ke tsaya in numfasa, da gudu na zo. Ƙanen babanmu ne, wanda ya je taron bita na kwana uku kan tsara birane, ya dawo da taswira a hammata, ko wanka sai an roƙe shi yake ajiye ta. Kawu Taswira muke ce masa. Shugabancin kwamitin unguwa yake nema ido rufe.

"Mulki ba a kujera yake ba, a hanya yake," in ji shi. "Inda ƙafa ta bi, nan iko yake. Wanda ake bi ta ƙofarsa, dole a gaishe shi."

Kaka ta ce, "Kai da ko ɗakinka ba ka iya tsarawa ba?"

"Inna, wannan falsafa ce, ta fi ƙarfinki."

Sai ya je ya toshe lungun bayan shagon tela, inda kowa ke yankewa zuwa titi, don a riƙa zagayowa ta gabansa. Tela ya leƙo ya ce, "Malam, lungun nan fa ba mutane kaɗai ke binsa ba."

"Kai dai ji da zarenka."

Washegari gogan ya kafa kujera a ƙofar gida, ya harɗe, yana jiran gaisuwa. Babura suka wuce suna buɗa masa hayaƙi. Mai shara ya taka masa ƙafa da baro. Akuya ce kaɗai ta tsaya, ita ma gefen taswirar ta cinye.

"Jama'a na koyon sabon tsari ne," in ji Farfesan Lungu.

To yau fa aka yi ta. Ya tara dattawan kwamiti a falonsa don zaɓe, ya shimfiɗa sabon kafet, yana nuna layukan taswira da sanda. Sai hadari ya haɗo, aka kece da ruwa. Ashe duk ruwan unguwar ta lungun nan yake fita. Ya zo ya tarar da bulo, ya juya, ya bi sabon tsari tiryan-tiryan, ya faɗo falon Kawu ko sallama babu. Takalman dattawa suka kama iyo. Su kuwa suka ɗare kujeru, kowa ya tattare riga, a nan tsaye suka ɗaga hannu suka zaɓi tela.

Kawu ya suri guduma ya tafi rusa katangarsa cikin ruwa. Ya dawo sharkaf, taswira ta zama dusa a hannunsa.

Kaka ta dube shi daga bakin ƙofa ta ce, "Ai falsafar ta yi aiki, ɗan nan. Ga ruwan kwata ya zo gaishe ka har ɗaka. Maza ka amsa, tun ɗazu yake jiranka."