Ƙirjin Aro a Shingen Jibiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bar gida ina ƙato, na dawo ina siririna ba, duk tsakanin hantsi da la'asar.

Ni tun ina yaro siriri ne. Ba irin wanda ake cewa "zai ciko" ba, irin wanda Inna ta gwada masa kunun gyaɗa, ta gwada fura da nono, ta gwada addu'a, daga ƙarshe ta haƙura. Da na sayi babur sai abin ya ƙara fitowa fili. Wata rana na je zance wurin Hadiza, wadda aka sa mana rana da ita, ta tarbe ni da cewa, "Wallahi daga nesa na ɗauka babur ɗin ne ya taho shi kaɗai." Ta yi dariya, ni ma na yi (ta baki kawai).

Washegari na shiga kasuwar Jibiya neman jaket irin ta masu babur, mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu. Aka nuna mini rumfar wani Malam Isufu, mutumin Maraɗi, wanda yake kiran rigar "buluzon". Ya miƙo ta farko. Ina jan zif hannuwana suka miƙe gefe suka ƙi sauka, numfashina ya koma rabi.

"Kamar don kai anka ɗunka ta," in ji shi.

Ta biyu ta zauna daram. Kafaɗa ta hau kafaɗa, hannu ya tsaya a wuyan hannu, na miƙa hannuwa kamar na riƙe kan babur, ba ta ja ba, ba ta yi lilo ba. Aibinta ɗaya ne: da na duba madubi, ni na gani.

"Kamar don kai anka ɗunka ta," ya sake cewa.

Sai idona ya kai kan wata da aka rataye can sama. Da na saka, kafaɗunta suka zarce nawa da kusan taƙi guda kowane gefe, hannuwanta suka haɗiye yatsuna. Amma a madubi wani ɗan dambe na gani yana kallona.

"Wannan fa?"

"Kamar don kai..."

Ban bari ya ƙarasa ba, na ce ita nake so.

A hanyar gida iska ta shiga ta hannu da wuya, rigar ta kumbura kamar balan-balan, bayanta na kaɗawa fat-fat-fat. Awaki suka watse daga bakin titi, wata tsohuwa ta yi salati. Mai hankali juyawa zai yi ya canja. Ni kuwa sai na ce ai ba rigar ce ta yi girma ba, fili ne ya yi yawa a cikinta, fili kuma cike shi ake yi.

Ranar Asabar ana bikin abokina a wani ƙauye hayin iyaka, Hadiza na cikin ƙawayen amarya. Na rufe ɗaki na shirya. Matashin kan Inna a ƙirji. Gidan sauro na naɗe a ciki. Zannuwan Inna biyu, ɗaya a kowace kafaɗa. Tawul a gadon baya. Na ja zif da ƙyar na hau babur. (Bazara ce fa. Kafin na fita unguwarmu gumi ya gangara har cikin takalmi.)

A shingen kan iyaka, inda motocin hatsi suka yi layi, wani jami'i ya ɗaga mini hannu. Ban ga laifinsa ba. Ga ɗan ƙaramin kai a sama, ga ƙafafu kamar karan dawa a ƙasa, tsakiya kuwa buhun gero.

"Malam, me ka ɗauko?"

"Ba komai, Yallaɓai. Jikina ne."

Ya sa yatsa ya danna ƙirjina. Yatsan ya nutse har gaɓa ta biyu.

"Jikinka ne da laushi haka?"

"Gado ne, Yallaɓai. A gidanmu haka muke."

"Sauko ka buɗe."

Na sauko na kama zif, zif ya ƙi. Ya ciji gidan sauro, ba sama ba ƙasa. Kafin ka ce me, 'yan dako da direbobi da masu sayar da fetur a galan sun kewaye mu, kowa na faɗin nasa.

"Shinkafa ce!"

"Ina! Taliya ta, dubi yadda ta kwanta."

"Ku ja baya, zabbi ne, na ga abin ya motsa!"

(Abin da ya motsa zuciyata ce.)

Ina cikin kokawa da zif sai na ji muryar da na fi tsoro a duniya. Alhaji ne, mahaifin Hadiza, ɗan kasuwar hatsi, ashe motarsa na cikin layin.

"Yallaɓai, lafiya? Wannan ai yarona ne." Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. "Ko da yake shekaranjiya ba haka yake ba."

Na yi niyyar durƙusawa in gaishe shi kamar yadda ya dace. Matashi ya tokare mini haɓa, nauyi ya rinjaya baya, sai ga ni kwance rigingine kamar kunkuru, ina cewa, "Barkanku da rana, Baba," ƙafafuna na sama.

Mutum biyu suka ɗaga ni. Alhaji da kansa ya kama zif ya fizga. Gidan sauro ya leƙo. Ya ja, yana fitowa. Ya ja, yana fitowa, ni kuma ina juyawa a tsaye kamar mazari. Matashi ya faɗo. Tawul ya biyo baya, jiƙe sharkaf. Zannuwan Inna suka sauko ɗaya bayan ɗaya, wani direba ya ɗaga ɗaya ya ce atamfar mai kyau ce. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar rigar kamar muciya a cikin tukunya.

Jami'in ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu bakin magana ya ce, "Tattara ka tafi, waɗannan ba su da haraji."

Alhaji bai yi dariya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce, "Ƙaura za ka yi ne?"

"A'a, Baba. Biki za ni."

"To." Ya karɓi rigar ya juya ta, ya zura a kan tumbinsa, ya ja zif ɗin lafiya lau har wuya. Mutane suka yi tafi. Me zan ce? Na ce, "Ai dama ku na saya wa, Baba."

"Allah ya yi albarka," in ji shi, ya koma motarsa da ita.

Na ɗaure tarkacena a bayan babur na ƙarasa gidan biki, amma labari ya riga ni isa. Hadiza ta fito daga cikin ƙawaye, ta dubi matashi da gidan sauro, ta ce, "Na ji an kama ka da kayan ɗaki. Da ka yi haƙuri, ai wannan aikin iyayena ne."

Daga baya dai an ɗaura aurenmu da Hadiza, alhamdu lillahi. Darasin da na koya shi ne, in za ka sayi jaket, ka auna ƙirjinka da igiyar awon tela, kada ka auna da burinka. In kuma ka matsa sai ka yi ƙiba a wuni ɗaya, to don Allah kada ka bi ta kan iyaka.