Hoton Bayan Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na naɗa kaina likita a rumfar mai shayi, nan bakin bodar Jibiya.

Kawuna ne, wanda aka sa mini sunansa, ciwon baya ya matsa masa har ƙafa tana sagewa, na kai shi Maraɗi. Likita ya ga ni ma sai na dafa gwiwa nake miƙewa, ya ce a ɗauki hoton bayanmu mu biyu. Na ce lafiyata lau (shekara ashirin ina jigilar buhu a babur, wai lau). Aka karɓi katin shaidarmu, aka ba mu ambulan biyu masu suna ɗaya, aka ce mu dawo jibi ya duba.

Jibi ta yi mini nisa. A hanyar dawowa muka tsaya ni da Kawu a rumfar, muka tarar da Ilu direba, yayan Hajara, bazawarar da nake nema, wadda na rantse wa shekarata arba'in cif (baƙin gemun na kanti ne). Na ce bari ya san mai ilimi ƙanwarsa za ta aura, ko da a aji biyu na bar sakandare.

Na zaro hoton da ya fi muni, na ɗaga shi saitin rana.

"Kun ga ƙahonnin nan a ƙashin baya? Tsiro ne, tsufa ke kawo shi. Mai bayan nan ya gama yawo. Ko buta kada ya ɗauka, balle ya yi zancen aure."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ilu ya miƙo hannu ya karɓi ambulan. Haifaffen Maraɗi ne, yana karanta Faransanci.

"Kawu, shekarunka nawa?"

"Saba'in da biyar, ɗana."

"To wanga na mai hamsin da ɗaya ne." Ya dube ni. "Likita, mi ka ce game da aure?"

Kawu ya yi dariya har bayan ya amsa masa.

Da muka koma wurin likita, Kawu ƙwaya da motsa jiki kawai aka rubuta masa. Ni aka ɗaura wa bel, aka hana ni ɗaukar buhu, aka ce in tsiron ya danne jijiya sai tiyata. Hajara kuwa ta aiko cewa ta gode, ta yi jinyar miji ɗaya, ya ishe ta.

Yanzu ko takardar tsire aka miƙo mini, sai na tambayi ta wace ce kafin in buɗe baki.