Yadda Girkanci Ya Kunyata Ni A Walimar Zara

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Zahra'u ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutane da yawa sun ɗauki abin a waya, kuma ba wanda ya goge.

Bari in fara da kaina. A Zariya malamin firamare ne ni, a nan Greensboro kuwa kwalaye nake lodawa a wani katafaren sito. Don kada ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa sai na shiga ajin yamma a wata kwaleji. Cikin darussan da na ɗauka akwai na asalin kalmomi, inda wata dattijuwar Baturiya take nuna mana yadda Turanci ya yi ta kwasar kalmomi daga Girkanci da Latin. Wata uku kacal da shigata ajin, na riga na addabi kowa. Ko a ƙofar masallaci mutum ya ce "talabijin" sai na riƙe masa hannu na gaya masa inda kalmar ta samo asali. Har aka laƙaba mini Farfesa (ni a zatona girmamawa ce, sai daga baya matata Rabi ta wayar mini da kai).

Ana nan sai Alhaji Mamman ya tashi aurar da 'yarsa. Alhaji mutumin Maraɗi ne, yana sayar da motoci a titin Gate City Boulevard, kuma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara sauka ƙasar nan. Wata biyu na yi a gidansa ina cin tuwonsa. 'Yar tasa Zahra'u, wadda kowa ke kira Zara, a gabana ta girma. Ta karanci aikin jinya, kuma irin ma'aikatan nan ce da asibitoci ke ɗauka na wata uku-uku, bana tana wannan jiha, kafin ka ankara ta koma waccan. Alhaji ya kira ni ya ce ni zan yi jawabi a madadin dangin amarya, tunda Allah ya ba ni baki. Ya ce in taƙaita. Na ce ai wannan ba komai ba ne.

Mako guda ina shiri. Dabarar da ta zo mini ita ce in haɗa sunan amarya da Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da muka taso muna gani a gefen wata. Da a nan na tsaya, da na sha tafi na koma na ci shinkafata cikin mutunci. Amma a makon ne malamarmu ta koya mana asalin kalmar planet, abin kuma yana ta yi mini ƙaiƙayi a harshe. Rabi ta ce in karanta mata jawabin ta ji. Na ce ta bari ta ji tare da jama'a, kada armashin ya tafi. Ta dube ni ta ce Allah ya sa mu ji alheri.

Ranar Asabar bayan azahar aka yi walimar, a filin bayan gidan Alhaji da ke unguwar Pleasant Garden. An kafa rumfa, an jera kujeru, motoci sun cika bakin titi har ƙofar maƙwabta. A sahun gaba, ɓangaren dangin ango, akwai gwaggonsa Hajiya Ladi, wadda ta taso takanas daga Kano saboda bikin. Tana zaune cikin leshi mai nauyi, tana fifita da katin gayyata, tana kallon kowa kamar mai duba kaya a kasuwa. Ni kuwa na sha babbar riga da ta ji sitati, ina tafe tana ƙara.

Farkon jawabin ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na yi sallama, na gode wa iyaye, sannan na ce Hausawa na cewa Zara matar wata, to yau ga Zara ta samu watanta. Wuri ya kaure da tafi, wata ta rangaɗa guɗa, ango ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tafin nan shi ya kai ni ya baro.

Na gyara tsayuwa na ce amma jama'a akwai abin da ba ku sani ba. Zarar da ke sama ba tauraruwa ba ce irin sauran. Masana suna kiran irinta planet, kuma kalmar daga Girkanci ta fito, planetes. Mutanen Girka na dā sun lura cewa yawancin taurari kowace tana riƙe da matsayinta a cikin 'yan'uwanta, amma akwai 'yan kaɗan da ba sa zama wuri ɗaya, yau suna nan, wata mai zuwa suna can. Sai na ɗaga yatsa sama kamar alƙali zai yanke hukunci, na ce:

"Ma'anar kalmar da Hausa ita ce mai yawo. Kun ga ke nan Zararmu asalinta mai yawo ce."

Ba sai na gaya wa Bahaushe abin da ake nufi idan aka ce mace mai yawo ce ba. Ni ma na sani, tun ina yaro na sani. Amma a wannan lokacin jikina ne kawai a Pleasant Garden, kaina yana Girka.

Wuri ya yi tsit, har ina jiyo ƙarar injin yankan ciyawa daga wani gida can nesa. Cikin wannan shirun ne Hajiya Ladi ta ajiye katin da take fifita da shi, ta juya wajen ta kusa da ita. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba wanda bai ji ba.

"To, ai ga masu ilimi ma sun faɗa."

Mai hankali a nan zai ce a gafarce ni, harshe ne ya zame, ya nemi kujera. Ni sai na ce bari in gyara da Turanci (har yau ban san wane shaiɗani ne ya ba ni wannan shawarar ba). Na ce kada a yi mini mummunar fahimta, Turawa kalma biyu gare su. Akwai wander, wato mutum ya yi ta tafiya bai nufi ko'ina ba, wannan ba laifi ba ne. Akwai kuma stray, wadda ake faɗa wa dabbar da ta ɓace daga gida, irin kyanwowin nan marasa masu su da muke gani a bayan shaguna. Na ji bakina yana ci gaba ba da izinina ba, yana cewa ita Zara ko da a ce ta taɓa zama stray, ai yanzu alhamdu lillahi ta samu mai ita.

Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausar farko ta wuce su, wannan karon sun gane sarai. Wata daga cikin ƙawayen amarya ta toshe baki da hannu biyu. Amarya ta miƙe ta shige cikin gida. Na dubi Alhaji Mamman, na ga yana kallon takalminsa. Liman ne ya taso a hankali ya zare makirufo daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa a hannun mahaukaci, ya ce jama'a a yi wa Annabi salati. Ban taɓa jin an amsa salati da ƙarfi irin na ranar ba.

Muka shiga mota ni da Rabi, muka hau babban titi. Sannan ta gaya mini cewa wata da watanni Hajiya Ladi tana hana auren nan, wai ba za a kawo musu yarinyar da ke kwana gari-gari ita kaɗai ba. Da kyar aka shawo kanta ta hau jirgi. Rabi ta ce duk matan garin nan sun san zancen, har da mazan ma.

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba, Malam, domin kai ba ka sauraro. Bayani kake yi."

Kwana uku ina kiran Alhaji ba ya ɗauka. A na huɗu na tafi wurin motocinsa. Ya bar ni tsaye a rana yana ciniki da wani, sai da ya gama ya juyo. Na durƙusa nan tsakanin motoci na ba shi haƙuri.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Su Girkawan nan, ni na gayyace su ko kai?"

Na ce ni ne, Alhaji. Ya ce shi ya yafe, amma ba shi aka zaga ba, in nemi mai abin.

Na kira Zara a waya. Ta amsa rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda ta saba. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ta yi kuka a ranar har kwalliyarta ta lalace. Ta ce ta san ban nufe ta da sharri ba, amma abu ɗaya take so: kafin gwaggo ta koma Kano, in je in gaya mata da bakina wace ce Zara.

Na je. Na zauna a kan kafet a gaban Hajiya Ladi, ba takarda, ba babbar riga. Na ce yarinyar nan na san ta tun tana goye, ban taɓa jin an kawo ƙararta ba, kuma garuruwan da take zuwa iyayen mutane take jinya, tana ɗaga waɗanda 'ya'yansu ma ba su zo sun duba ba. Na ce abin da na faɗa a walima wauta ce ta mai ƙaramin sani. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta dai sa aka kawo mini shayi, sannan ta ce:

"Ashe ka iya magana kamar mutane."

Har yanzu ina zuwa ajin yamman, ban fasa ba. Sai dai na gane cewa ba ruwan jama'a da inda aka haifi kalma, inda ta sauka suke dubawa. Idan aka miƙo maka makirufo a biki, ka ce Allah ya ba da zaman lafiya, ka nemi kujera tun shinkafa tana da zafi.