Rasuwar Denok a Hawan Kopeng

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Parjiyo, tela a bayan kasuwar Muntilan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da waɗanda a da nake sakawa a cikinsu, rasuwar besfata Denok. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a kwanar gonakin kabeji da ke hawan Kopeng, tana da shekara arba'in da 'yan kai a duniya, mafi yawansu a hannuna. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, don limamin unguwarmu ya ja min kunne cewa ƙarfe ba shi da hisabi. Na yarda da shi. Hisabin yana kan masu rai, kuma har sun fara zagaye gawar.

Marigayiyar koriya ce a asali. Rana da ruwan sama suka yi ta rabon fentinta har ta koma wani launi marar suna, ni kuwa ban taɓa sake mata wani ba, don ban ga abin kunya a tsufa ba. Kowa a layinmu ya san ta da tarin safe. Sai na yi ta buga kik tana "uhu, uhu" kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, can ta kama "tang-tang-tang-tang", maƙwabta su san gari ya waye ko suna so ko ba sa so. Ba ta shan fetur zalla sai an haɗa mata da baƙin mai, kuma ba ta taɓa ɓoye hayaƙinta don ganin idon wani ba. Ta ɗauki kan keken ɗinki, ta ɗauki bandiran yadi da buhun shinkafa, ta ɗauki akuyar layya tana harbinta a ƙugu. Ita ta kai matata Sumirah asibiti da naƙudar 'yarmu Wulan, ranar ko tari ba ta yi ba.

Amma babban halinta shi ne ba ta wuce ɗan'uwa. Haka muka taso muka tarar a harkar tsofaffin besfa: in kun haɗu a hanya, hon biyu, ko ba ku san juna ba. In ka ga wani a gefen titi ya cire murfin inji, sai ka tsaya, ko ɗaurin auren ƙanwarka za ka. In abin ya ƙi gyaruwa, ka ɗora ƙafarka a bayan tasa ka tura shi har ƙofar gida. Denok ta tura mutane har takalmina na hagu kullum shi ke riga na dama ƙarewa.

Cikin waɗanda ta tura akwai Gunadi. A lokacin ɗalibi ne, siriri kamar tsinke, wayar kulocinsa ta tsinke ana zabga ruwa, ya tsaya yana kallon babur yana haɗiye kuka. Muka turo shi gidana, Sumirah ta zuba masa shinkafa da soyayyen tempe na waken soya, ya cinye ya lashe hannu. Da zai tafi ya riƙe hannuna biyu, ya kira ni Lik, wato baffa, ya ce, "Lik Parjiyo, in na manta da yau, Allah ya manta da ni." Da shi muka kafa ƙungiyarmu, Hayaƙin Safe. Ni na ɗinka rigunan ƙungiya tun daga ta farko har ta bana, kowace da rubutu a gadon baya da farin zare: BA MA WUCE ƊAN'UWA. Babu harafin da bai bi ta ƙarƙashin allurata ba.

Yanzu Gunadi yana da shagunan tayil, yana da tumbi, shi ne shugaba. Waɗanda suka cika ƙungiyar ma irinsa ne. Besfofinsu a falo suke kwana, ana goge su da ƙyallen da ya fi zanen goyon jariri laushi. Suna ƙyalli ta ko'ina, ba su san laka ba, ba su taɓa ɗaukar komai ba sai hoto. Ban ga laifin ƙarfen ba, masu shi ya biyo.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. Ana gobe yawon ƙungiya na Lahadi zuwa Kopeng, Gunadi ya kira ni a waya, murya kamar zuma. "Lik, kai dai ka riga mu tashi. Akwai masu ɗaukar bidiyo ta sama, kuma ka san Denok da hayaƙi. Mu haɗu a can, kuɗin kofinka na wuyana." Na gane abin da yake nufi, na haɗiye, na yi sammako. Muna cikin hawa na ji muryarta ta canza, "tang-tang" ya koma "karrr", sai "ƙwas" guda ɗaya, ta yi shiru. Injin ya buga. Na jawo ta gefe, na cire murfi, na ɗora hannu a jikinta yana ta zafi, na san ba tashi.

Can na jiyo su suna hawowa. A gindin dutse aka sauke musu baburan daga a-kori-kura, don kada ƙurar hanya ta ɓata su. Na miƙe, har da gyara rigata, ina jin nauyin wahalar da zan ba su. Gunadi ne a gaba da farar safar hannu. Ya dube ni, ya dubi murfin da ke hannuna, ya ɗaga kai ya dubi 'yar na'urar da ke shawagi tana ɗaukarsu. Sai ya danna: tit-tit. Na bayansa ma tit-tit. Haka suka yi ta gaishe ni, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, babu wanda ya tauye min gaisuwata. Ni kuma ina tsaye ina karanta aikin hannuna a bayan kowa har suka sha kwana. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ko harafi ɗaya bai karkace ba.

Wadda ta tsaya ita ce Bu Ngatinem, wata mata mai sayar da ganye, a kan irin baburan robar nan marasa giya da ƙungiyarmu ke kira bokiti. Ba ta san ni ba, ba ta da riga mai rubutu.

Ta kira ni Pak, wato malam, ta ce, "Mutuwa ta yi ko suma?"

Na ce mutuwa.

"To cire giya ka hau. Riƙe kan da kyau, kar ka kayar min da kabeji."

Ta ɗora silifas ɗinta a bayan Denok ta tura mu har rumfarta da ke bakin titi gaba kaɗan. Ta ba ni shayi mai zafi, ta tsayar min da motar ƙaninta ta kawo gawar gida.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, da Sumirah, da Wulan wadda ta yi kuka a waya fiye da yadda na zata. Ta bar safaya taya ɗaya da ba ta san abin da ya faru ba, da sifana mai lanƙwasasshen baki, da tabon mai a simintin ƙofar gida wanda ba sabulun da ya taɓa cin galaba a kansa. Ta kuma bar fitilarta ta asali, da tambarin gabanta, da agogon gudunta, irin waɗanda yanzu ba a samunsu ko'ina. Su ne gadon da ya kawo mana masu ta'aziyya.

Ranar Laraba Gunadi ya zo da kwalin kek. Ya zauna kusa da gawar, bakinsa yana min magana, idonsa yana kan fitila.

"Lik, ka yi haƙuri, in an fara ɗauka ayari ba ya tsayawa. Ni wallahi na zaci fitsari ka tsaya yi."

Na ce, "Da murfin inji a hannu?"

Ya yi 'yar dariya ya shafa tambarin da yatsa. "Tunda dai ta tafi, ka bar min waɗannan. Ka faɗi abin da kake so. A jikin tawa za su ci gaba da rayuwa, a gasar Jakarta kowa zai gan su."

Ba zan yi ƙarya a takardar mutuwa ba, na fara lissafin kuɗin a raina. Rufin ɗakinmu yana yoyo, ɗinki kuma ba kamar da ba. Sai ga Sumirah, wadda ta shekara talatin tana min mitar tabon mai a zannuwanta, ta fito ta ɗauke kofin shayin da ke gabansa bai ko kai rabi ba.

Ta ce, "Mas Gunadi, ranar da aka turo ka gidan nan a jiƙe, fitilar nan ce ta haska maka hanya. Ta gama yi maka aiki."

Ya tashi ya tafi da kek ɗinsa a hannu, ban sani ba ko mantuwa ce.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Lahadi mai zuwa da safe za a ɗauki gawar daga gidana zuwa gefen rumfar Bu Ngatinem, wadda ta ba da wurin ba tare da na roƙa sau biyu ba. Za a dasa ta tana fuskantar titi, a zuba siminti har ya rufe tayoyi da inji. Fitila da tambari da agogo ni zan shafe su da simintin da hannuna, su ne farko. Kujerar kawai za a bari a waje, na ɗinka mata sabuwar riga, don duk wanda babur ɗinsa ya mutu a hawan nan ya samu wurin zama. Akwatin kayan gyara zai zauna ba kwaɗo, da sifana da fulogi da wayar kuloci a ciki. Ba a karɓar gudummawa, ba a karɓar kek. Wanda yake so a warware masa rubutun bayan rigarsa ya kawo shago, ni na ɗinka, kyauta zan cire.

Ina kuma gayyatar shugaba Gunadi da dukkan 'yan Hayaƙin Safe, tunda ta wannan hanyar suke yawonsu na kowace Lahadi, kuma daga yanzu kullum za su same ta a gefen titi. Kada kowa ya wahalar da kansa da tsayawa. Hon biyu ya isa, na ga sun iya.