Dambun Gwaggo Tabawa a Filin Jirgi

"Awa ɗaya da rabi ce fa, Gwaggo."

"Daga Kano zuwa Ikko? Ke Suwaiba, ki ji tsoron Allah. Awa ɗaya da rabi ai ko Zariya ba a shiga ba."

A gaban teburin awon kaya na filin jirgin Kano ake wannan musu, layi ya miƙe a bayansu. Gwaggo Tabawa ta shekara talatin tana fataucin goro tsakanin Kano da Agege, ta san kowane rami na hanyar da sunansa, amma yau ce ranarta ta farko a jirgin sama. Surukinta ne ya aiko da tikiti, don gobe da sassafe za a raɗa wa jikarta suna, kuma an riga an tsegunta mata cewa takwara za a yi mata. In jirgin nan ya tashi ba ita, sai dai ta ji labari. Suwaiba, 'yar ƙaninta mai rakiya, ta san haka, shi ya sa take ta sharce gumi.

Matsalar guzuri ce. Gwaggo ta yi shirin kwana biyu kamar yadda ta saba: kula cike da dambun nama, jarkar kunun tsamiya, tabarma, buta, da ɗan risho mai kananzir a ciki. Ma'aikacin ya ce risho da jarka kam ba za su hau ba. Gwaggo ta ce to ita ma ba za ta hau ba, ba a haife ta ranar da za ta kama hanyar Kurmi hannu na dukan cinya ba.

Ma'aikacin, bawan Allah, ya kwantar da murya, ya zaro waya ya nuna mata taswira. Ya ce ta sama kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai, a miƙe kamar zare, mota ce ke haura dubu saboda kwane-kwane. Gwaggo ta sauke tabarau kan hanci, ta bi zaren da ɗan yatsa, ta nemi ya faɗa mata inda aka kai sauran ɗari biyun. Ta lissafo masa Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori, Badun, ta ce wanne aka cire? Ya ce duk suna nan, ta samansu za a wuce.

"Ba tsayawa shan ruwa, yaro?"

"Babu, Hajiya."

"Direban ba ya salla?"

Wani alhaji mai babbar riga a bayanta ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. Daidai nan lasifika ta yi kiran ƙarshe. Suwaiba ta durƙusa tana haɗa ta da darajar takwara.

Gwaggo ta numfasa. Ta tura risho gefe da ƙafa, ta miƙa wa mai shara jarkar kunu kamar mai ba da 'ya aure. Kular dambu kuwa ta rungume ta a ƙirji. Sai da ta karɓi takardar shiga, ta gyara mayafi, sannan ta juyo ta dubi alhajin daga hula har takalmi.

"Yi dariyarka, Alhaji. In taya ta fashe a Mokwa, kada ka kuskura ka kalli dambuna."