Zakara a Cikin Randar Inna

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kusa rasa zakarana da mutuncina a rana ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kasuwar Ɗambatta na sa aka sayo min shi, irin manyan nan masu dogayen ƙafafu, ja jawur. Burina in gyara irin kajina, in riƙa sayar da ƙwan ƙyanƙyasa. Ni kuma baki gare ni, ba na musu. Babu gidan da ban shiga na cika baki ba a ƙauyenmu. Lokacin sanyi kuwa ya fitar da ni kunya, duk kazar da aka ɗora wa ƙwaina sai ta tashi da 'yan tsaki ɓul-ɓul.

Sai bazara ta shigo. Kaji suka rage cin abinci, sai haki da sakin fiffike. Ƙwai ya ja baya, wanda aka samu ma ɓawonsa ba ƙwari. Maƙwabta suka fara aiko min da ƙorafi, wai duk baragurbi na ba su. Har surukata Inna, da muke gida ɗaya, kazarta ta gama kwanci ta tashi ba ko ɗa. Maigidana ya yanke hukunci: "Wannan zakaran naki ado ne kawai. Gwaggo tana nan tafe daga birni, da shi za a yi mata farfesu."

Wallahi ranar tuwo bai shiga bakina ba. Washegari malamin dabbobi ya zo yi wa awaki allura, na roƙe shi ya leƙa akurkina. Ya ce, "Rufin kwano a wannan zafin? Zakaranki lafiyarsa ƙalau. Zafi ne ke rage masa ƙarfi, ƙwan ma ya kan lalace tun kafin a ɗora wa kaza. Ki nema musu inuwa da ruwa mai sanyi, in damina ta faɗi za ki gani." Na gaya wa maigidan, ya ce ai malamin awaki ne, me ya sani game da kaji?

Mai hankali da sai ta kafa rumfa. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) sai na hango ɗakin Inna. Ɗakin ƙasa ne, babu inda ya kai shi sanyi a gidan, ga randuna biyu a kafe cikin jiƙaƙƙen yashi. Ɗaya ta tsage, an daina zuba mata ruwa. Kullum da rana in Inna ta tafi Islamiyya, sai in lallaɓa in saka zakaran a ciki, in ɗora faifai a karkace don ya sha iska, in fito da shi kafin ta dawo. Shi kuma ɗan banza ya samu wuri, ko motsi ba ya yi.

Rannan sai ga sallama da tsakar rana. Ashe Gwaggo, yayar mahaifin mijina, ta iso tun kafin ranar da muke sa ranta, sun haɗu da Inna a hanya. Kai tsaye suka shige ɗakin. Na durƙusa a bakin ƙofa ina gaisuwa, gumi yana bin bayana.

"Kai, wannan zafi!" in ji Gwaggo. "Bari in sha ruwan randa, na gaji da na firji."

"Gwaggo, bari in ɗebo miki!"

"Yi zamanki 'yata, hannuna ya kai."

Ta ɗauki moɗa, ta ɗaga faifan. Jama'a! Zakaran nan ya yi tsalle fir, ya dira a kafaɗarta, ya yi gaba da ɗankwalinta. Moɗa ta yi gabas, Gwaggo ta yi yamma tana salati tana kiran aljani. Shi kuwa ya haye gadon Inna, ya miƙe wuya, ya rangaɗa cara.

Inna ta juyo a hankali. "Ke, me ya kawo kaji cikin randata?"

Na sunkuyar da kai na ce: "Inna... zafi yake ji."

Can sai Gwaggo ta fashe da dariya, har da hawaye, tana laluben ɗankwali. "To ai gaskiyarsa, ni ma zafin ne ya kai ni randar! Wannan aka ce za a yanka min? A'a, wanda aka yi wa irin wannan gata ba na tukunya ba ne."

Da yamma Inna da kanta ta tsaya a kan ɗanta sai da ya kafa wa kajin rumfar kara a gindin darbejiya. Damina tana sauka kaji suka murmure, kazar Inna ta fito da 'yan tsaki reras, maƙwabta suka dawo neman ƙwai. Na yi murna har na yi kuka.

Darasin da na koya: kaji ma suna da lokacinsu, kada a yi wa zakara hukunci da bazara. In kuma za ki ɓoye abu a ɗakin surukarki, ki tabbata ba mai cara ba ne.